Kundin zanen Auta

5 ga Janairu

Yau na buɗe wannan kundi, kuma zan riƙa rubuta duk abin da ya faru da aikin, mai daɗi da marar daɗi. Aikin kuwa zane ne guda ɗaya da fentin mai, tsawonsa santimita 90, faɗinsa 70, na ƙanwata Auta, Allah ya jiƙanta. Sanƙarau ne ya yi ajalinta tana da shekara shida, kwana huɗu kacal ta yi a kwance. Ni a lokacin shekarata 13. Ranar 20 ga Maris za ta cika shekara 19 da rasuwa, ranar nake so in ajiye buroshi.

Shekara uku ke nan ina koyon zane a wurin Malam. Na zana kwanuka, na zana itatuwa da hannuwan mutane, amma ban taɓa kusantar wannan ba. Da na faɗa masa niyyata sai ya ce, "Kafin ki taɓa fenti, je ki ga yadda na gabanki suka yi. Ba a kanku aka fara rashin yaro ba, ba kuma ke kika fara neman zana shi ba." Don haka aikin ya rabu biyu: da safe nazarin yadda masu zane suka nuna ciwon yara da mutuwarsu, da yamma aikin hannu. Kuɗin da na ware na kasa huɗu: kayan aiki, buga hotunan zane-zanen a babbar takarda, firam, da na ko-ta-kwana.

8 ga Janairu

Na sayo kanbas, wato ƙyallen zane, katakon ɗaure shi, buroshi biyar, man linsid da fenti kala takwas. Kason kayan aiki ya ƙare tas, har na taɓa na firam, don shuɗin da nake so ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Na ɗaure ƙyallen, na yi masa farin shafe na farko.

12 ga Janairu

Kwana huɗu ina kan tsofaffin zane-zanen Turai. Na raba shafin littafina gida biyu, alama a dama, ma'anarta a hagu, kafin in ankara shafi ya cika. Ƙoƙon kai, agogon yashi, lauje, kyandir da aka hure, furen da ya yi yaushi, kumfar sabulu. A kan duwatsun kaburburan yara kuma akwai ɗan rago, da kurciya, da tohon fure da ya karye tun bai buɗe ba.

Hendrick Goltzius na ƙasar Holan ya tara da yawa daga cikinsu wuri guda, a wani zane da aka karta a tagulla aka buga a 1594. Yaro ne ɓul-ɓul ya jingina da ƙoƙon kan mutum yana hura kumfa, hayaƙi na tashi, fure a gefensa, a ƙasa an rubuta tambaya da Latin: wa zai tsira? Gwaninta kam akwai ta. Amma na daɗe ina kallon yaron nan ban ji komai a ƙirjina ba. Ba ɗan kowa ba ne. Lafiyarsa ƙalau, an ɗauko shi ne don a yi wa manya wa'azi da shi.

Na Hans Holbein ne ya tsayar da ni. Cikin jerin zanensa na rawar mutuwa, waɗanda aka sassaƙa a katako aka buga a birnin Liyon a 1538, akwai ɗaya na yaro. Mutuwa, a siffar ƙwarangwal, ta kamo hannunsa tana jan sa waje daga wata bukka da ta fara zubewa. Uwar tana durƙushe a gaban wuta, ta ɗora hannu a ka. Yaron ya waiwayo ya miƙa mata ɗayan hannun. Ga agogon yashi a ƙasa, amma ban ma kula da shi ba sai a kallo na uku. Abin da idona ya kama shi ne babban yaron da ke tsaye a bayan uwar, baki buɗe, bai san abin da zai yi ba. Nan na tsaya ni ma, shekara 19 da suka wuce.

14 ga Janairu

Shafe na biyu da na uku. Na goge da takardar yashi. Babu karatu yau.

19 ga Janairu

Tsuntsaye. Kusan duk inda aka zana yaron da bai yi tsawon rai ba, sai ka ga tsuntsu kusa da shi. Abin ya daɗe. Akwai wani dutsen kabari daga tsibirin Faros na Girka, na wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, inda wata ƙaramar yarinya ta rungume kurciyoyi biyu, ta sunkuyar da kai har bakin ɗaya ya taɓa leɓenta.

William Hogarth ya zana 'ya'yan gidan Graham su huɗu a 1742, zanen yana Landan har yau. Da ka fara kallo sai ka ce ranar farin ciki ce, duk an yi musu ado. Amma ƙaraminsu, Thomas, ya rasu kafin a gama zanen. A can bayansa, kan agogo, akwai ɗan mutum-mutumi mai fukafukai riƙe da lauje, da agogon yashi a gefensa. A ɗaya ɓangaren yayansa yana juya akwatin kiɗa yana murmushi, yana zaton tsuntsun da ke keji don kiɗan yake fiffika. Bai ga kyanwar da ta leƙo ta bayan kujerarsa ba, ido a warwaje. Wannan ya fi laujen yi mini ciwo. Haka gidanmu yake a ranar farko, kowa na harkarsa, ana cewa zazzaɓi ne zai sauka.

Sai na Francisco Goya na ƙasar Sifaniya: wani ɗan yaro Manuel Osorio cikin jajayen kaya, yana riƙe da zaren da aka ɗaure wa wani tsuntsu a ƙafa, kyanwoyi uku na zuba wa tsuntsun ido daga cikin duhu. An zana shi wajen 1787 zuwa 1788, yaron ya rasu a 1792 yana da shekara takwas. Ke nan lokacin da Goya yake zanen, yaron lafiya lau yake. Mu da muka san ƙarshen labarin ne muke ganin ajali a idon kyanwoyin. Na rubuta wannan a littafi na ja masa layi.

Da yamma na yi gwajin farko da gawayi: Auta a kwance, kyandir a gefen gado, keji a buɗe, fure a kan bargo, agogo a bango.

22 ga Janairu

Na kai wa Malam gwajin. Ya daɗe yana dubawa bai ce komai ba, sannan ya ɗora yatsa a kan kejin ya ce, "Kuna da tsuntsu a gidan?" Na ce a'a. Ya matsa kan kyandir. Na ce fitila ce muke da ita. Furen fa? Babu wanda ya kawo fure. Sai ya ce, "To ɗakin wa kika zana? Cikin abubuwan nan wanne ta taɓa riƙewa da hannunta?"

Na dawo gida raina a jagule, don mako biyu na yi ina tara alamomin nan, ina ji kamar na samu makullin aikin. Gaskiya ya faɗa. Mutanen Hogarth sun tashi sun tarar da lauje da agogon yashi a majami'unsu da maƙabartunsu, suna karanta su kamar yadda ake karanta haruffa. Ni aro na yi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Na ajiye takardar a ƙasan akwati, ban yage ta ba.

27 ga Janairu

Mako guda a kan Edvard Munch na ƙasar Norway, kuma na kashe fiye da rabin kason buge-buge a kansa shi kaɗai, don ina so in ga fuskar fentin da kyau.

Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa a 1868, ya dawo ya ɗauki yayarsa Sophie a 1877 tana da shekara 15. Shi yana da 13, daidai da ni. Sai da aka yi shekara takwas ya iya fara zanen yarinya marar lafiya, daga 1885 zuwa 1886. Yarinya mai jan gashi ta jingina da farin matashi, ta juya fuska gefe, wata mata ta kifa kai a kusa da ita ta riƙe mata hannu. Kwalba a gefe ɗaya, kofin gilashi a ɗaya gefen, baƙin labule. Shi ke nan kayan ɗakin.

Ciwon yana cikin fentin kansa. Ya shafa, ya kankare, ya sake shafawa, ya karce da tsini, ya bar wani wurin yana zuba kamar hawaye a gilashi. Hannuwan biyu da suka haɗu a tsakiyar zanen ko yatsu ba a rarrabe ba. Da aka nuna shi a birnin Kiristiyaniya, wato Oslo ta yanzu, a 1886, masu sharhi suka yi masa ca, suna cewa aiki ne da ba a gama ba. Shi kuwa ya ci gaba da komawa kansa, har ya zana shi sau shida da fenti cikin kimanin shekara 40.

Na ajiye shi kusa da na Christian Krohg, wanda ya koyar da shi. Krohg ya zana tasa yarinyar marar lafiya tsakanin 1880 da 1881, zaune a kujera cikin fararen kaya, tana kallon mai kallo ido cikin ido, da fure a hannunta, ganyayyakinsa na zubewa a kan bargo. Komai tsaf, kowane zare na bargon a fili. Na rufe furen da yatsana na sake dubawa, sai na ga zanen bai rasa komai ba, idanun sun riga sun gama maganar. A na Munch kuwa babu abin da zan rufe.

Gobe zan fara fuskarta.

31 ga Janairu

Sau uku na zana fuskar, sau uku na goge. Hotonta ɗaya ne muke da shi, tana tsaye can nesa cikin mutane, fuskar ba ta kai farcen yatsa ba. Na ɗauka ina riƙe da kamanninta a kaina. Ashe abin da nake riƙe da shi guntaye ne: wushiryarta, tabon da ke saman girarta, yadda take karkata kai idan ana mata faɗa. Da na haɗa su sai wata yarinya daban ta fito, kyakkyawa, ban san ta ba.

3 ga Fabrairu

Ɓarna. Na yi ta huɗu jiya da dare, da safe na ga ita ma ba ita ba ce, na ɗauki wuƙar fenti don in kankare kamar yadda Munch ya yi. Fentin ƙasa ya riga ya fara kamawa, na danna da ƙarfi, ƙyallen kuma ya yi laushi a wurin saboda yawan gogewa da ruwan tsinka fenti. Wuƙar ta shige ta tsaga shi, tsawon yatsa, daidai inda kumatunta yake.

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, kuma ba kanbas nake yi wa ba. Malam ya ce ana iya manna wani ƙyalle ta baya, amma tabon zai riƙa nunawa duk sanda haske ya bugo ta gefe, kuma a tsakiyar zanen yake. Sabon kanbas da farin shafe sun cinye rabin kuɗin ko-ta-kwana. Wata guda ya tafi, kuma na koma kan farar fuska babu ɗigo ɗaya.

Abin da na koya ta fuskar aiki: idan za a kankare, a yi tun fentin yana ɗanye, a kwantar da wuƙar, a sa tafin hannu ko katako ta baya.

6 ga Fabrairu

Ɗaurewa, shafe. Jira ya bushe.

9 ga Fabrairu

Na je wurin Umma. Tun da Auta ta rasu ba mu taɓa zama mun yi maganar kwanakin nan huɗu ba, sai dai addu'a idan an ambaci sunanta. Na ce, "Umma, me kike tunawa na ɗakin?" Na zaci za ta ce in bar maganar. Sai ta ce, "Duhu."

Ta tuna mini abin da na manta gaba ɗaya. Daga rana ta biyu haske ya zama azaba ga Auta, ko ƙofa aka buɗe sai ta yi ƙara ta rufe ido. Umma ta ɗauko wani shuɗin mayafi nata ta toshe tagar da shi, fitilar ma aka fitar da ita waje. Wuyanta ya sanƙare, kanta ya lanƙwashe baya, ba ta iya shan ruwa sai an ɗiga mata. Kofinta na silba, wanda ya lotse a gefe, yana kan kujera a bakin gado. Kuma ta roƙa a ajiye mata jan takalminta inda za ta riƙa ganin sa, don kada a tafi makaranta a bar ta.

Na dawo na buɗe zanen likita na Luke Fildes, wanda ya gama a 1891 bisa buƙatar attajirin Ingila Henry Tate. Yarinya a kwance kan kujeru biyu da aka haɗa, likita ya rafka tagumi yana kallon ta, uwa ta kifa kai a tebur, uba a tsaye ya dafa kafaɗarta. Haske biyu ne a ciki: na fitila a kan likitan da yarinyar, da na asuba da ya fara shigowa ta taga, wanda masu kallo suka daɗe suna karantawa a matsayin bushara cewa an haye daren. Fildes ya rasa ɗansa na fari, Philip, da safiyar Kirsimeti ta 1877 yana ɗan shekara ɗaya. Ban ga laifinsa ba da ya ba yarinyar zanen safiyar da nasa ɗan bai samu ba.

Amma a ɗakinmu haske shi ne abokin gaba. Duk littafin alamomina cewa yake haske rai ne, duhu mutuwa. A wurin Auta duhun shi ne jinƙan da uwarta ta iya yi mata. Wannan shi ne zanen. Taga a toshe da shuɗin mayafi, da siririn layin rana da ya tsere ta gefe.

12 ga Fabrairu

Sabon gwaji da gawayi, guda biyar. Na zaɓi na huɗu: gado a kwance daga hagu zuwa dama, Auta ta juya wa taga baya, ba a ganin fuskarta sai ƙeya da kitsonta da hannu ɗaya a kan bargo. Na daina faɗa da fuskar. Ita ma a kwanakin nan ɓoye ta take yi.

15 ga Fabrairu

Shimfiɗar farko da ruwan ƙasa, siririya, an tsinka ta sosai. Irin wannan launin yana saurin bushewa, kwana biyu ya isa.

Karatun safe ya koma kan iyaye mata, don ban yanke shawara ba ko Umma za ta shiga zanen. Käthe Kollwitz ta ƙasar Jamus ta yi nata a 1903: mace tsirara ta naɗe ƙafafu, ta ƙanƙame gawar ɗanta, ta tura fuska cikin ƙirjinsa kamar za ta mayar da shi cikinta. Babu ɗaki, babu gado, babu alama ko ɗaya. Ita da kanta ta zauna a gaban madubi riƙe da ɗanta Peter, mai shekara bakwai, ta zana. Peter ya mutu a fagen yaƙi a Beljiyam cikin Oktoban 1914 yana da 18. Na kasa kallon takardar fiye da minti ɗaya.

Candido Portinari na Burazil ya zana yaro matacce a 1944, cikin iyalin da fari ya koro daga arewa maso gabashin ƙasar. Duk sun rame sun zama ƙashi, hawayensu manya-manya suna faɗowa kamar tsakuwa. A can ba a ɓoye musabbabin ba, yunwa ce, kuma zanen tuhuma ce.

Charles Willson Peale na Amurka ya ɗauki wata hanyar. Agana ta kashe 'yarsa Margaret a 1772, ya zana ta a shimfiɗe, an ɗaure mata haɓa da ƙyalle, daga baya ya ƙara matarsa Rachel tana kuka a kanta, ga kwalaben maganin da ba su yi amfani ba. Da ya rataye zanen sai ya sa masa labule, da rubutun gargaɗi ga duk wanda zai ɗaga.

17 ga Fabrairu

Na tambayi Umma. Ta ce, "'Yar nan, kada ki zana ni ina kuka. Ban yi kuka a gabanta ba ko sau ɗaya." Magana ta ƙare. Zan bar lotsawar katifa a inda take zama, a gefen gadon.

21 ga Fabrairu

Bango da ƙasa sun zauna. Duhu yana da wuyar zanawa fiye da yadda na zata. Baƙin kwalba kashe wuri yake, sai na koma haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, ya ba ni duhun da ido ke iya shiga.

25 ga Fabrairu

Gaggawa ta sake cuta ta. Na ga kwanaki na tafiya, na labta wa mayafin taga fenti mai kauri da mai da yawa, washegari na ɗora wani siriri a kai don in fito da ninkin ƙyallen. Saman ya bushe, ƙasan yana ɗanye, yau na tarar duk wurin ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ƙa'idar da Malam ya nanata mini tun shekarar farko ke nan: marar mai a ƙasa, mai mai a sama, kuma a jira. Na kankare a hankali, da katako ta baya, ƙyallen bai ji ciwo ba. Asarar ita ce kwana biyar da kusan rabin shuɗin nan mai tsada. Na sayi wani, ko-ta-kwana ya ƙare. Firam ɗin da na yi niyya ba zai samu ba, sai siririn katako marar ado, kuma da na yi tunani na ga ya fi dacewa da ɗakin.

1 ga Maris

Ina jiran bushewa, na koma karatu, a kan alamar da ta fi kowace yaɗuwa: barci. A babbar majami'ar Licfil ta Ingila akwai sassaƙen Francis Chantrey na 1817, 'yan mata biyu 'yan uwa kwance a farin dutse, rungume da juna, ƙaramar riƙe da fararen furanni. Babbar wuta ce ta kama rigar barcinta, ƙaramar ciwo ya ɗauke ta a shekara mai zuwa. Dutsen bai nuna ko ɗaya ba. Na fahimci uwar da ta nemi a yi mata shi, abin da take so ta riƙa gani ke nan. Amma ni ba zan iya cewa Auta barci ta yi ba. Na gan ta.

Frida Kahlo ta fi kusa da abin da nake nema. A Meziko akwai tsohuwar al'adar yi wa yaron da ya rasu ado kamar ɗan mala'ika a zana shi ko a ɗauke shi hoto. A 1937 ta zana Dimas Rosas, ɗan shekara uku, kwance a tabarma, da kambi a kai, da alkyabba, furanni kewaye da shi. Duk adon yana nan, sai dai ta bar idanunsa a rabin buɗe, ƙafafunsa tsirara suna fuskantar mai kallo. Ta girmama al'adar mutanenta, ta kuma ƙi yi wa gawar ƙarya. Saboda ita na gyara wuyan Auta. A gwajin na sassauta shi don ya yi kyan gani, yanzu na mayar da shi yadda Umma ta faɗa, kan ya ja baya.

4 ga Maris

Mayafi, karo na biyu, siriri-siriri, hawa uku za a yi. Yau na farko.

8 ga Maris

Kofi. Kafin in fara na sake duba yaro marar lafiya na Gabriel Metsu, wanda ya zana a Amsterdam wajen 1664 zuwa 1666, dab da annobar da ta kashe dubban mutanen birnin. Yaron ya saki jiki a cinyar mace, ƙafafu na reto, idanu sun gaji. Masana na cewa zaman nasu ya yi kama da yadda Kiristoci ke zana Maryamu riƙe da gawar ɗanta, kuma akwai hoton gicciye a bango. Ni abin da ya riƙe ni shi ne 'yar tukunyar da ke gefe da cokali a ciki, da tufafin da aka ajiye a kan kujera. Duk wanda ya yi jinyar yaro ya san cokalin nan da aka kai baki aka dawo da shi.

Kofin Auta yana nan, Umma ta ajiye shi duk shekarun nan a ƙasan akwatinta, ban sani ba sai makon jiya. Ta ba ni aro. Na toshe tagar ɗakin aikina, na bar tsaga ɗaya, na ajiye shi a kujera. Layin hasken ya sauka daidai kan lotsawar. Shi ne wuri mafi haske a duk zanen, bai kai ƙwayar wake ba, da ɗigon fari guda na yi shi.

11 ga Maris

Hawa na biyu na mayafi. Hannunta a kan bargo. Kitso.

14 ga Maris

Mun saɓa da Malam a kan takalmin. Ya ce takalmin yaro babu ƙafa a ciki abu ne da aka yi ta yi har ya gaji, yana roƙon hawaye ne, kofin ya isa. Na ce masa, "Malam, kai ka tambaye ni wanne ta taɓa riƙewa. Wannan ita ta ce a ajiye mata." Ya yi shiru, sannan ya ce to in rage masa ja, kada ya yi gasa da kofin. A nan na bi shi. Na lulluɓe shi da siririn shuɗi, yanzu sai ido ya saba da duhun yake ganin sa, a ƙarshen gadon, inda idonta zai iya kaiwa.

17 ga Maris

Hawa na uku. Lotsawar katifa ta ba ni wuya, sau biyu tana fitowa kamar tabo. Na sa a zauna a gefen gadona na minti goma a tashi, na zana abin da ya rage.

20 ga Maris

Na kawo Umma ta gani. Na rufe shi da ƙyalle kafin ta shigo, na ce mata idan ba ta so ba sai an buɗe ba. Ta yaye da kanta. Ta daɗe a tsaye, leɓenta na motsi da addu'a. Ta taɓa gefen katakon, ba ta taɓa fentin ba. Can ta nuna kofin ta ce, "Mariƙin ba nan yake kallo ba. Kin manta bahaguwa ce? Kullum ta hagu nake juya mata shi."

Na manta. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya.

23 ga Maris

Na juya mariƙin. Fentin wurin bai gama kamawa ba, na ɗauke shi da tsumma da ɗan ruwan tsinkawa, na cike gurbin da duhun bango, na sake zana shi ta hagu. Ɗigon hasken bai motsa ba. Awa uku.

Abin da ya rage: firam, ranar da mai katako ya gama, da ragowar kasonsa zan biya. Man ƙyalli na ƙarshe sai fentin ya yi aƙalla wata shida yana bushewa, wato ƙarshen Satumba. Kafin nan zai zauna a inda iska ke shiga, ba cikin duhu ba, don man linsid yana yin rawaya idan aka ɓoye shi. Kofin na wanke na mayar wa Umma da yamma.